Waiwaye: Yadda Cinikin Yuraniyom Ya Haɗa Nijar da Faransa, Ya Kuma Raba Su

A shekarar 1957, shekaru uku kafin Nijar ta samu 'yancin kai, masu binciken ma'adinai na Faransa da suka shiga yankin Azelik da ke arewacin ƙasar neman jan ƙarfe suka ci karo da yuraniyom, ma'adinin da tashoshin nukiliya ke amfani da shi wajen samar da lantarki. Ba a daɗe da sauke tutar mulkin mallaka ba, yarjejeniyar tsaro ta 1961 ta ba Faransa fifiko wajen sayen ma'adinan da ake ganin suna da muhimmanci ga harkar tsaro, kuma yuraniyom na cikinsu. A kan wannan tubali aka gina duk cinikin da ya biyo baya.

An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara haƙa a Arlit a 1971, sannan Cominak ya biyo baya a Akokan, inda aka fara fitar da ma'adinin daga ƙarƙashin ƙasa a 1978. Tashin farashin man fetur na 1973 ne ya sa Faransa ta duƙufa ga gina tashoshin nukiliya, har ta kai ga samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare su. Shugaba Diori Hamani ya fahimci abin da hakan ke nufi, ya nemi a ƙara wa ƙasarsa farashi, amma ana cikin tattaunawar sojoji suka hamɓarar da shi a watan Afrilun 1974, kuma har yau masana tarihi na muhawara kan alaƙar waɗannan abubuwa biyu.

Ya kamata mai karatu ya dubi yadda kayan suka riƙa tafiya kafin juyin mulkin 2023, domin a nan ne raunin Nijar yake. Ana niƙa dutsen, a tace shi har ya zama gari mai launin rawaya, a zuba a ganguna, a loda wa manyan motoci, su bi ta Agadas da Tawa da Gaya su tsallaka Binin har tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Daga can sai masana'antar Malvési da ke kudancin Faransa, inda ake fara sarrafa shi. Duk matakan da ke ƙara wa ma'adinin daraja a Turai aka riƙa yin su, ita kuwa ƙasar da aka haƙo shi, mafi yawan mutanenta ba su da wutar lantarki a gidajensu, kuma shekara da shekaru akasarin wutar da take amfani da ita daga Najeriya ta riƙa sayowa.

Bayan Diori, sau biyu shugabannin farar hula suka yi yunƙurin gyara rabon. Tandja Mamadou ya yi amfani da tashin farashi na 2007 ya matsa wa Areva, kamfanin Faransa da ke gudanar da Somaïr da Cominak, lamba har aka ƙara kuɗin kilo, ya kuma buɗe wa 'yan China ƙofa a Azelik. A 2009 aka ba Areva izinin haƙar Imouraren, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi arzikin yuraniyom a duniya, sai dai haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan na 2011 ya karya kasuwa, aka jingine aikin. Mahamadou Issoufou, wanda shi kansa injiniyan ma'adinai ne da ya taɓa aiki a Somaïr, ya cimma sabuwar yarjejeniya a 2014 wadda ta sa kamfanin ya amince da dokar ma'adinai ta 2006 da harajinta mafi tsoka. A ganina an samu ci gaba, amma tsarin bai sauya ba: Nijar na sayar da ɗanyen kaya a farashin da ba ita ke yankewa ba. Da aka rufe Cominak a ƙarshen Maris na 2021, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aikinsu, aka bar wa Akokan tarin sharar ma'adini ta miliyoyin tan da mazauna garin ke fargabar illarta ga ruwa da iska.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya tsinke igiyar. Sojojin Faransa sun fice kafin ƙarshen shekarar, iyakar Binin ta kasance a rufe, ganguna suka taru a Arlit ba hanyar fita. A Yunin 2024 gwamnatin soja ta janye izinin Imouraren daga Orano, wato sabon sunan Areva, sannan a Yunin 2025 ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa, alhali Orano na da kashi 63.4 cikin 100 na hannun jarinsa. Kamfanin ya kai ƙara gaban kotun sasanta rikicin zuba jari ta ƙasa da ƙasa.

Duk da haka buƙatar juna ba ta gushe ba. A 2022 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yuraniyom ɗin da Tarayyar Turai ta saya daga Nijar ya fito, kuma Turai na neman rage dogaro ga Rasha a harkar makamashi. Nijar kuma na buƙatar masu saye, da jari, da hanyar kai kaya bakin teku. Idan za a sake zama a teburi, batutuwan da 'yan Nijar za su fara ɗorawa su ne bayyana kwangiloli a fili, da gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit, da tsaftace Akokan, da zuba jari a wutar hasken rana wadda yankin Agadas ke da ita a wadace.