Daga tsiron dawa zuwa gaban alƙali: abin da dokar giya ta ce a Kano

A ƙauye idan aka ce dokar giya, hankalin mutane yakan tafi kan mashayi da bulala kawai. Amma dokar ta fi haka faɗi, har tana iya kama mutumin da bai taɓa kai kwalba bakinsa ba. Direbobinmu da 'yan acaɓa masu ɗaukar kaya daga tasha su na fi jiye wa.

Sai an san abin da ake kira giya kafin a gane dokar. Giyar kwalba hatsi ce da ruwa da yis, da wani fure mai ɗaci da ake sa mata don ƙamshi da daɗewa. Ana jiƙa sha'ir ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dafa, sannan yis ya cinye zaƙin ya mayar da shi sinadarin da ke bugarwa, wanda a yawancin giyar kwalba yakan kai kashi 5 cikin 100. Tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya suka karkata ga dawa, irin wadda muke nomawa. Burukutu ma hanyarta ke nan: dawa ce ake jiƙawa ta tsira, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a bar ta ta yi kamar kwana biyu tana tsima. Maguzawa sun gaji yin ta, suna sha a biki da ranar gayya. To ka ga kunun zaƙi da burukutu tushensu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne tsimawar da ke kawo maye, kuma a nan doka ta ja layi, ba a kan suna ko kwalba ba. Shi ya sa lemon Maltina bai shiga haramcin ba, ko da yake da tsiron hatsi ake yin sa.

Hanin ya girmi dawo da Shari'a. Kundin laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya riga ya hana Musulmi shan barasa, sai dai idan don magani ne. A shekarar 2000 Kano, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, da Jigawa, zamanin Saminu Turaki, suka ƙaddamar da Shari'a. A ƙarƙashinta Musulmi baligi mai hankali da ya sha abin maye da gangan, haddinsa bulala 80 ne, kamar yadda mazhabar Malikiyya ta tafi a kai. Ba sai ya yi tangaɗi ba. Abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Amma zargi ba ya isa. Sai mutum ya amsa da bakinsa, ko shaidu biyu adalai sun ba da shaida, kuma malaman Malikiyya suna karɓar shaidar warin giya a baki. Wannan haddi ba ya hawa kan wanda ba Musulmi ba.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne gyaran da Kano ta yi wa sashe na 401 na kundin laifuffukanta a 2004, zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Wannan bai tambayi addinin kowa ba. Ya haramta yin giya, da rarraba ta, da sayarwa, da dakonta, da ajiye ta, da shan ta a faɗin jihar, hukuncin kuma tarar naira 50,000 ne ko ɗaurin shekara ɗaya, ko a haɗa duka. Ke nan matar da ke dafa burukutu a bayan gida, da mai shagon da ya ɓoye katan a ƙarƙashin buhunan gero, da direban da aka loda wa katan-katan a rufe, duk suna cikin abin da sashen ya ambata. Direba ya riƙa tambayar abin da aka ɗora masa tun a tasha, ya buɗe ya gani, domin “ban sani ba” magana ce mai wuyar tabbatarwa bayan an tare mota.

Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, ita ke yawan tare irin waɗannan motoci. A watan Nuwamba na 2013 ta farfasa kwalabe 240,000 a bainar jama'a, a shekarun baya-bayan nan kuma a Kalebawa ta ƙaramar hukumar Dawakin Tofa ake yin wannan aiki. Sai dai ɗan Hisba ba alƙali ba ne. Zai iya kamawa ya miƙa, amma yanke tara ko ɗauri ko bulala aikin kotu ne, kuma wanda aka yanke wa yana da damar ɗaukaka ƙara. Dagaci ko matasan gari ma ba su da hurumin yi wa wani bulala ko ƙona masa rumfa don sun ji wari; abin da ya kamace su shi ne su kai rahoto ofishin Hisba na ƙaramar hukuma ko wurin 'yan sanda.