Me ya kamata ciyamomin Kaduna su nema in sun je kamun ƙafa Majalisar Tarayya?

Da farko dai garin Kaduna ba shi da wata gwamnati guda ɗaya da za a ce ita ce gwamnatin birni. Ƙananan hukumomi huɗu ne suka raba garin, Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, sai ɓangaren Igabi wajen su Rigasa, da ɓangaren Chikun wajen su Sabon Tasha. A 2021 gwamnatin El-Rufai ta kafa hukumar kula da birnin, amma wannan ta jiha ce, gwamna ne ya naɗa shugabanta ba zaɓensa aka yi ba. To in aka ce birni ya je Abuja neman haƙƙinsa, ciyamomin nan ake nufi, ko kowa ya je shi kaɗai ko su je ta ƙungiyarsu ta ALGON.

Kuma abin da ya fi cancanta su je nema a ganina ba rijiyar burtsatse ba ce, ba kuma keke napep na rabawa matasa ba. Gyaran sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ne.

Ga yadda abin yake. Kuɗin da ƙasa ta tara ana zuba su a asusun tarayya, duk wata a zauna a raba, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Sai dai shi wannan sashen bai ce a miƙa wa ƙaramar hukuma kuɗinta a hannu ba, cewa ya yi a tura wa jiha domin amfanin ƙananan hukumominta, kuma kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa, wato joyin akawun ɗin nan da kowa ya sani, sannan majalisar jiha ce za ta tsara yadda za a rarraba. Ta nan gwamnoni suka samu ƙofa, kuɗi su shigo a cire na wannan a cire na wancan da sunan ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya rage shi ciyaman zai gani, shi ya sa za ka ji ana cewa ciyaman albashi kawai yake biya ya koma gida. Alhali jadawali na huɗu na kundin ya ɗora masa kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe bola, magudanan ruwa da titunan cikin unguwa, ga kuma hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Duk wanda ya ga yadda kwatoci ke cika su malalo kan titi da damina a Tudun Wada ko Rigasa ya san aikin nan ba na wasa ba ne.

Wani zai ce ai Kotun Ƙoli ta riga ta gama magana. E, ranar 11 ga Yuli 2024, a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamna ba shi da hurumin riƙe su, kuma ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi, duk inda kantoma ke mulki ma kada a tura kuɗin. Wannan ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen yin zaɓe, mu a nan aka yi namu ranar 19 ga Oktoba 2024, APC ta kwashe kujerun ciyaman 23 da na kansila 255 kaf. Amma fa hukunci bai goge rubutun da ke cikin kundi ba, joyin akawun na nan a rubuce inda yake, kuma muddin yana nan to za a yi ta samun mai cewa shi da kundi yake aiki. Majalisa kaɗai ce ke iya goge shi.

To a nan ne mutane da yawa ke kuskuren lissafi, suna ganin in sanatoci da ’yan majalisar wakilai suka ɗaga hannu shi ke nan an gama. Ina! Sashe na 9 cewa ya yi sai an samu kashi biyu bisa uku na kowane zaure, cikin sanatoci 109 da wakilai 360, bayan nan kuma sai majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36 sun amince. An gwada a 2022, Majalisar Tarayya ta amince da ’yancin kuɗin ƙananan hukumomi, aka tura jihohi, 24 ɗin ba su cika ba, maganar ta mutu a can. A wancan zagayen dai wasu gyare-gyaren sun tsallake har Buhari ya sa musu hannu a Maris 2023, ciki har da wanda ya ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa. Ka ga abin da zai ƙara wa gwamna iko ya wuce sumul, wanda zai rage masa kuma ya maƙale. Kenan kamun ƙafar ƙofa biyu gare ta, ɗaya a Abuja wajen sanatocinmu 3 da wakilai 16, ɗayar kuma nan cikin gari a Lugard Hall wajen ’yan majalisar jiha 34, kuma gaskiya ta biyun ta fi wuya, don ciyaman da hukumar zaɓen jiha ta bayyana a matsayin wanda ya ci, da wane baki zai je ya nemi a rage wa mai gidansa iko? Shi ya sa wasu ke cewa a haɗa da mayar da zaɓen ƙananan hukumomi hannun INEC. Ni dai ban ɗauki INEC waliyyiya ba, amma jam’iyya ɗaya ta cinye komai a kusan kowace jiha, ko wacce ce ke mulki, wannan kam ba dacewa ba ce.

Na biyu shi ne kason kansa. Hukumar RMAFC ce ke da alhakin duba tsarin rabon ta ba shugaban ƙasa shawara, shi kuma ya ajiye a gaban Majalisar Tarayya. A 2022 ta miƙa wa Buhari sabon tsari da ya ɗan ɗaga kason ƙananan hukumomi zuwa kashi 21 da ɗoriya, bai zama doka ba. Ko a sabbin dokokin haraji da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, kason tarayya na VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, ya sauka daga 15 zuwa 10, jihohi suka hau daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suna nan a 35 ɗinsu. Ga kuma batun ƙidaya wanda ya fi shafar birni irin namu, yawan jama’a na cikin ma’aunin rabo, ƙidayar ƙarshe kuma 2006 aka yi ta, duk unguwannin da suka tsiro a gefen gari tun daga lokacin sai dai kintace.

Akwai kuma wani kuɗin da ba a cika maganarsa ba, doka ta ce jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi 10 na harajin da ta tara a cikin gida. Wannan ba sai an je Abuja ba, tambaya ce kawai kansila zai yi, an biya ko ba a biya ba.

Su kuma ayyukan mazaɓu, wato biliyan 100 ɗin da aka saba warewa a kasafin kuɗin tarayya duk shekara, ba laifi a nema, amma a san cewa ɗan majalisa ne ke zaɓar aikin, wata ma’aikata ko hukumar tarayya ta bayar da kwangilar, ko sisi ba ya bi ta asusun ƙaramar hukuma. In an gina ajujuwa ko ɗakin shan magani an yanke kyalle an ɗau hoto, malami da ma’aikaciyar jinya da gyaran rufi duk kan ƙaramar hukuma suke dawowa. Ciyaman mai wayo tun kafin shugaban ƙasa ya kai kasafi majalisa zai zauna da ɗan majalisar yankinsa su daidaita kan aikin da za a iya riƙewa bayan ɗan kwangila ya tafi.

Malaman firamare kuma suna da nasu tsoron, kuma suna da hujja, don an taɓa barin albashinsu hannun ƙananan hukumomi suka yi watanni ba biya. Abin da ƙungiyarsu ta NUT ke nema shi ne a cire albashin nasu tun daga sama kafin kuɗin su isa hannun ciyaman, to duk ƙudirin da za a kai majalisa in bai faɗi ƙarara wa zai biya malami da ma’aikacin asibitin unguwa da ɗan fansho ba, malaman da kansu za su fito su yaƙe shi.