Sane a motocin haya da jiragen ƙasa lokacin manyan wasanni

Sane, ko yankan aljihu, shi ne zare wa mutum kuɗi ko waya daga jikinsa ba tare da ya ankara ba. Ya bambanta da ƙwace, inda ake amfani da ƙarfi ko makami. Ranakun manyan wasanni kasuwar 'yan sane ke ci, domin dubban mutane kan nufi wuri ɗaya a lokaci ɗaya, yawancinsu baƙi ne da ba su san gari ba, hankalinsu na kan taswira ko kan wasan. Filin Wembley na Landan na ɗaukar mutum 90,000, Stade de France na wajen birnin Paris kuma kimanin 80,000, kuma akasarin wannan jama'a ta tashoshi biyu ko uku kacal take shiga da fita.

Yadda ake yin sa

Da wuya ɗan sane ya fita aiki shi kaɗai. Galibi su uku ne ko fiye: mai tare hanya, mai zarewa, da mai karɓa. Na farko zai tsaya cak a bakin ƙofar jirgi ko a ƙarshen matakala mai tafiya da kanta, kamar ya yar da wani abu. Jama'a su taru a bayansa, na biyu ya zura hannu cikin turereniyar, ya miƙa wa na uku, shi kuma ya sulale. Shi ya sa ko an cafke wanda ake zargi, sau da yawa ba a samun komai a jikinsa.

Lokaci mafi haɗari shi ne 'yan daƙiƙun da ƙararrawar rufe ƙofa ke kaɗawa. Ɓarawo kan fizge wayar wanda ke tsaye kusa da ƙofa ya yi tsalle waje, ƙofa ta rufe, jirgi ya tafi da mai waya. Akwai kuma dabarar ɗauke hankali: a zuba wa mutum abin sha a riga a shiga goge masa, ko a rungume shi da sunan murnar cin wasa, ko a buɗe masa tuta a gaban ƙirji alhali hannu na aiki ta ƙarƙashi. Rigar ƙungiya ma kan tona asirin baƙo tun daga nesa.

A Kano, ranar da Kano Pillars ke wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, abin ya fi faruwa wajen rububin shiga Adaidaita Sahu bayan an tashi. Aljihun gefe na jamfa ko kaftani bai manne da jiki ba, yana lilo ne, don haka ana iya tsarge shi da reza mai shi bai ji komai ba.

Abin da ya faru a Saint-Denis

Ranar 28 ga Mayu 2022 aka buga wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai tsakanin Liverpool da Real Madrid a Stade de France da ke garin Saint-Denis. Yajin aiki a RER B, ɗaya daga cikin layukan jirgin ƙasa da ke haɗa Paris da kewayenta, ya sa ɗimbin 'yan kallo suka koma layin RER D, wanda hanyarsa zuwa filin ta bi ta wani matsattsen shingen bincike. Mutane suka cunkushe na tsawon lokaci, har aka jinkirta take wasa fiye da rabin awa. Ɓata-gari suka shiga cikin taron, aka yi ta sane da ƙwace, kafin wasa da kuma a hanyar komawa tasha. Rahoton bincike mai zaman kansa da aka fitar a Fabrairun 2023 ya ɗora babban alhakin rikicin a kan hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA. Darasin shi ne a duba sanarwar yajin aiki da sauyin layi kafin a bar masauki.

Kariya

Tushen kariya shi ne raba kaya. Kuɗin kashewa na yini su zauna a aljihun gaba na wando, sauran da katin banki na biyu a lalita ko jakar ƙugu ƙarƙashin riga. Aljihun baya ba ma'aji ba ne. Jakar goyo a juyo da ita ƙirji kafin a shiga jirgi, zif ɗinta na fuskantar jiki. A cikin tarago a matsa tsakiya, a guji bakin ƙofa, kuma kada a riƙa taɓa inda kuɗi suke don tabbatarwa, domin ishara ce ga mai lura. Isa fili da awa biyu kafin wasa, da jira minti ashirin zuwa talatin bayan an tashi, na rage shiga tsananin cunkoso.

Waya ce ta fi buƙatar tanadi, tunda yanzu tikitin wasa da na jirgi da manhajar banki duk a cikinta suke. A danna *#06# a rubuta IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lambobi 15, a takarda daban. A sa wa layin waya lambar sirri ta PIN, musamman layin Najeriya da ke haɗe da asusun banki, domin ɓarawo na iya cire shi ya sa a wata waya ya kwashe kuɗi ta USSD. Katin da ake biya da shi ta hanyar taɓawa ma yana aiki ba tare da lambar sirri ba har euro 50 a Faransa, don haka a toshe shi da zarar ya ɓace.

In an riga an yi satar

Bin ɓarawo da gudu ba ya da amfani, kayan sun riga sun sauya hannu, kuma abokansa na kusa. Da farko a toshe katin banki da layi, sannan a kulle wayar daga nesa ta Find My a iPhone ko makamancinsa a Android. Lambar gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112, haka ma a Najeriya. A jiragen Paris ana kiran 3117 ko a aika saƙo zuwa 31177, a Birtaniya kuma 'yan sandan sufuri na karɓar saƙo ta 61016. A karɓi takardar rahoton 'yan sanda, domin kamfanin inshora zai neme ta, haka ofishin jakadanci idan fasfo ne ya salwanta. Ofishin kan ba da takardar tafiya ta gaggawa wadda ke mayar da mutum gida kawai, ba ta ba shi damar wucewa wata ƙasa don kallon wasa na gaba.