Kurkunu bai tafi ba, yana nan a bakin kogin Shari da Logon

Salama alaikum 'yan uwa, musamman masunta da mata masu gyaran kifi daga Kusiri, Njamena, Gelendeng har Bongor. Da yawa sun ɗauka kurkunu ciwon zamanin kakanni ne, toh ba haka ba ne wallahi. A 1986 mutum wajen miliyan 3.5 ne ke kamuwa a duniya, a 2023 mutum 14 kacal aka samu, amma 9 daga cikinsu a Chadi suke, mu ke nan.

Abin da ke ɗauke da shi wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne na ruwa, dangin jatan lande da ƙaguwa, da ƙyar ido ke ganinsu. Mai kurkunu in ƙafa ta dame shi da zafi ya tsoma ta a ruwa, sai tsutsar ta saki 'ya'yanta, halittun nan su haɗiye, bayan kamar sati 2 duk wanda ya sha ruwan ya ɗauka, kuma ba zai san komai ba sai an yi wajen shekara kumburi ya fito ya fashe, farar tsutsa ta leƙo, tsawonta har kusan mita 1. Babu magani babu rigakafi, sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke a hankali, wani sai ya yi makonni bai leƙa gona ba.

Halittun nan ba sa son ruwa mai gudu, kwantaccen ruwa suke so. Shi ya sa in rani ya yi kogi ya janye ya bar tafkuna da kududdufai sai su taru cunkus, kuma daidai lokacin ne ake su na gayya. Nan matsalar take. Ƙananan kifi da kwaɗi suna cin halittun nan, mu kuma a farke kifi a watsar da hanji a bakin ruwa, karnuka su cinye. Tun 2012 aka fara ganin kurkunu a jikin karnukan Chadi, yanzu sun fi mutane kamuwa nesa ba kusa ba, har ɓangaren Kamaru wajen Mayo Danay ana samu. Na san wani zai ce ni ai ba na kiwon kare, ina ruwana. Malam, karen maƙwabci a tafkin da yaranka ke ɗiban ruwa yake shiga.

Don Allah iyaye mata, hanjin kifi a haƙa rami mai zurfi a binne ko a ƙona. Kifi ya dahu sosai, mai banda ma kar ya yi gaggawar saukewa. In akwai foraj, wato rijiyar burtsatse, a sha nasa, in dole sai na tafki a tace da ƙyalle mai laushi ko a tafasa. In kun ga ma'aikata na zuba wani magani mai suna Abate a tafki kar ku kore su, waɗancan halittun yake kashewa.

Kare ko mutum in aka ga tsutsa ta fito, kar ya kusanci ruwa, karen a ɗaure shi, a sanar da asibiti mafi kusa ran nan ran nan, a Chadi har tukwici ake ba wanda ya kai labari in an tabbatar.