Suna ɗaya a Wi-Fi ba ya nufin netwok ɗaya

A ofisoshi da otal-otal da manyan gidajen Kaduna, daga Malali zuwa Barnawa, an daɗe ana cewa idan aka sa wa rauta biyu (na'urorin da ke watsa Wi-Fi) suna ɗaya da lambar sirri ɗaya, sun haɗe ke nan, za su riƙa miƙa wayarka ga wadda ta fi kusa. Dole a zaci haka, tunda suna ɗaya waya take nunawa.

A ƙa'idar 802.11, wadda Wi-Fi ke aiki da ita, kowace rauta da na'urorin da ke kanta rukuni ne guda, mai lambarsa da ake kira BSSID. Sunan da muke gani, SSID, lakabi ne kawai. Kuma waya ce take yanke shawarar ƙaura, ba rauta ba. Wayoyi da yawa ba sa neman wata sai sigina ta yi rauni zuwa wajen -70 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina), shi ya sa za ka tsaya gaban rauta ta biyu, wayarka tana manne da ta farko. Idan kuma kowace tana raba adireshin IP nata (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok), netwok biyu ne, kiran WhatsApp na iya yankewa lokacin ƙaura.

Gwadawa ba wuya. Sauke manhajar da ke nuna BSSID, ka zaga gidan kana duba ta tare da adireshin IP. In adireshin ya canza, a haɗa rautocin da kebul, a kashe DHCP (tsarin raba adireshin IP) na ta biyu, a rage ƙarfin siginarsu, a 2.4 GHz a raba musu tasha tsakanin 1, 6 da 11.

Don Allah a tura wa masu rauta fiye da ɗaya.