Asalin kalmar "alkaline"

Alkaline sifa ce ta Ingilishi da masana sinadarai ke amfani da ita ga duk abin da ke karya ƙarfin asid, wato wanda awonsa na pH (ma'aunin ƙarfin asid) ya haura 7. Tushenta Larabci ne, daga kalmar "al-qily", tokar wasu tsirrai da ke fitowa a ƙasa mai gishiri. Ita kuma kalmar tana da nasaba da fi'ilin "qala", soya abu ko gasa shi. Da wannan toka ake haɗa sabulu da gilashi a ƙasashen Larabawa.

Turawa sun samo kalmar ne ta hanyar littattafan kimiyya da aka fassara daga Larabci zuwa Latin. Sun ɗauke ta da "al" ɗinta gaba ɗaya, kamar yadda Hausa ta yi wa alƙalami da albasa. Sunan "alkali" ya bayyana a Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 14. Sifar kuwa sai a ƙarni na 17, da aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar "-ine" mai asali daga Latin, wadda ke nuna dangantaka.

Mai karatun Hausa zai iya zaton akwai zumunci tsakanin wannan kalma da alƙalin kotu, musamman idan aka manta da lanƙwasar ƙ. Babu. Alƙali daga "al-qadi" ya fito, kama a rubutu ce kawai ta haɗa su.

Da farko toka kaɗai kalmar ke nufi, daga baya ta koma sunan hali: santsi a hannu da iya narkar da maiƙo. Wannan halin ne ke cikin ruwan toka da kanwa da ake sa wa miya. A 1807 Humphry Davy na Ingila ya yi amfani da lantarki ya ware wani sabon ƙarfe daga sinadarin tokar, ya sa masa suna "potassium", daga kalmar Ingilishi mai nufin tokar tukunya. Masanan Jamus suka fi son "kalium", suka koma ga tushen Larabcin. Shi ya sa alamar ƙarfen a jadawalin sinadarai take K, harafin da babu shi ko ɗaya a sunansa na Ingilishi.