AI, IA ko ƙirƙirarriyar basira: wace basirar ake nufi?

Rannan a majalisarmu ta shayi, bayan babbar kasuwar Maraɗi, wani ya kunna mana wata murya da ke yawo a WhatsApp, wai irin hatsin da ake sayarwa bana in ka shibka shi sau ɗaya, gonarka ta mutu. Kafin muryar ta ƙare wani ya ce, "Ku rabu da ita, ai AI ce." Na kusa da shi ya zaro salula ya ce, "To bari mu tambayi AI ta faɗa mana ko gaskiya ce." A zama ɗaya, kalma ɗaya ta zama maƙaryaci kuma ta zama alƙali.

Mu da muka yi lakwal da Faransanci IA muke cewa, wanda a kunnen Bahaushe yake fita kamar "iya". Ina zargin wannan ma ya ƙara mata kwarjini. Gidajen rediyo kuwa sun tsaya a kan "ƙirƙirarriyar basira", kuma nan ne nake da ja. Basira daga Larabci muka aro ta, tushenta ɗaya da gani, amma ganin zuci ake nufi. Mai basira shi ne wanda ake yi wa habaici ya gane, ya dubi fuskar baƙo ya san da yunwa ya iso. Shi kansa sunan na Turanci, "artificial intelligence" da ake taƙaitawa AI, masanin kwamfuta John McCarthy ne ya raɗa shi saboda wani taron masana a Dartmouth ta Amurka a 1956, lokacin da abin bai wuce buri ba. Mun fassara burin, mun ɗauka bayanin aikin ne. Da ni aka tambaya, "na'urar kirdado" zan ce.

Ɗauki binciken da ake ta yi kan gano jita-jita a intanet. Mutane ne suke zama su tara dubban saƙonni, su yi wa kowane alama: wannan ƙarya, wannan gaskiya. Sai a ɗura wa kwamfuta, ta yi ta ƙirga abin da masu alamar ƙarya suka yi tarayya a kai: irin kalmomin, yawan "don Allah a tura wa kowa", sabuntar shafin da ya fara sakin labarin, saurin yaɗuwarsa. A 2018 masu bincike na jami'ar MIT sun bi sawun labarai kusan 126,000 a Twitter, suka tarar ƙarya tana isa ga mutum 1,500 da saurin da ya ninka na gaskiya kusan sau shida. Irin wannan takun na'urar take koyo. Takun jita-jita ta sani, kamar yadda tsohon mai gadi yake gane tafiyar ɓarawo, amma ba ta taɓa zuwa gonar ta ga ko ta mutu ba. Ran da Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya, saƙon gaskiya ma da irin wannan gudun yake fita, da irin wannan "a tura wa kowa".

Sannan jita-jitarmu ba a rubuce take ba. Murya ce, cikin Katsinanci ko Gobiranci, da ɗan Faransanci a tsakiya, a WhatsApp inda saƙo yake a kulle tsakanin mai turawa da mai karɓa, mai bincike ba ya ganinsa sai an kai masa. Akwai 'yan Afirka irin na ƙungiyar Masakhane da ke tara rubutun harsunanmu don koyar da na'ura, kuma aikinsu abin yabo ne. Amma ka yi wa na'ura gatse, ka ce wa wanda ya yi ɓarna "sannu da aiki", ka ga ko ba za ta lissafa shi cikin gaisuwa ba.

A noma abin ya fi daɗin ji, don tambayar ƙarama ce. Manhajar Nuru ta shirin taimakon manoma na PlantVillage tana duba hoton ganyen rogo ko na masara ta kirdadi cuta ko tsutsa, don an nuna mata hotuna bila adadin. Wannan aiki ne da ta iya. Sai dai yanzu kowane saƙon hasashen ruwa da ya faɗo a salula, AI ake kiransa. Ƙa'idar faɗuwar damana da masana yankinmu suka daɗe suna aiki da ita, wato ruwan sama milimita 20 cikin kwana uku ba tare da fashin da ya wuce kwana bakwai ba a kwana talatin na gaba, tun shekarun 1980 aka tsara ta, lissafi ne na mutane. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai mai nazarin yanayi da noma kuwa tun 1974 take. Na'ura tana iya gyara hasashen, amma gwargwadon abin da ma'aunan ruwa suka ba ta, kuma kowa ya san ana iya sheƙa ruwa a Tibiri, Jiratawa ko ɗigo. Shi ya sa manomi har gobe yake tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta tsaya kafin ya zuba iri, don in aka yi kuskure rumbunsa ne zai amsa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne sabon amfanin da manya suka samo wa kalmar. A da in an kama mutum a faifai sai ya ce ba a fahimce shi ba. Yanzu sai ya ce AI ce, magoya baya su ɗauka su yi ta maimaitawa. Ana haɗa muryar jabu da na'ura, wannan gaskiya ne, amma ba kowace ƙarya ce take buƙatar kwamfuta ba. Waccan muryar ta irin hatsi, da na koma gida na sake saurare, ana jin zakara yana cara a bayanta, mai maganar kuma ya tsaya sau biyu ya tsawata wa wani yaro.